Abba, ƙirjinka nake ji

Bayan gaisuwa, muna lafiya a Maiurno, Alhamdu lillahi. Riyal ɗin da ka aiko sun iso, an auno dawa. Auta ce ke rubuta maka wannan, ni idona ya ƙi.

Wata maƙwabciyarmu da ta dawo daga Umara ta biya ta shagonku a Jidda. Ta ce ta same ka kana tari, ga kayan busa na mutane jere a gabanka, kana kai su baki ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Ba sana'ar nake ƙi ba, kai ma shaida ne. Ranar da babanka ya ce jikan mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a 1903 ba zai ƙare a yi wa mabusa hidima ba, wa ya tsaya maka? Ni na ce gyara daban, roƙo daban. 'Yan kunnena na zinariya su suka zama kayan aikinka na farko. Na zauna na kalle ka a zaure da kilarinet ɗin 'yan badujala, ka kwance maɓallan ka jera a kan tsumma, kana gasa kowanne da 'yar fitilar sifirit har ƙaron ya narke, ka dasa sabuwar fata, sannan ka zura takardar sigari ka ja a hankali don ka gano inda iska ke zurarewa. Ran nan na gode wa Allah da ya ba ka hannu.

Amma tsakani da Allah, me ke cikin abin busa in ba yawun mutum da numfashinsa ba? Saksafon da aka kwana ana busawa a gidan biki, aka jefa shi akwati ba a goge ba, ai fumfuna cikinsa yake yi, balle a danshin Jidda. Shi za ka ɗauka ka sa a baki? Ka manta kawunka da tarin fukarsa? Ka manta wata shidan nan na ƙwayoyi, da kwanonsa da muka ware? Kai da duk sanda habub, guguwar ƙurar nan, ya taso sai na kwana zaune, kana jingine a ƙirjina kana neman iska kamar ɗan tsako. Ban fito da kai daga Omdurman a 2023, harsashi na wucewa ta kanmu, don sarewar wani ta raba ni da kai ba. Wannan sakaci ne, Abba, kuma ka girme shi.

Ka sayi bakin busa naka na kanka, da shi za ka riƙa gwaji. Na mutane ka wanke shi kafin ka taɓa. In kana goge itacen babanus, baƙin itacen nan da ake yin kilarinet da shi, ka ɗaura takunkumi, ƙurarsa ba ta ƙirjinka ba ce. Makon nan ka je asibiti a ɗauki hoton ƙirji. In maigidanka ya hana ka rabin yini, ka ba ni shi a waya.

Ka yi haƙuri da faɗana. Sarewar gorar da ka bari tana nan rataye a ɗakina, ina shafa mata man riɗi yadda ka ce, ba ta tsage ba. Babanka ya sauko da ita jiya ya daɗe yana juya ta, bai ce komai ba.

Ka kira bayan sallar Juma'a, kuma ka daɗe kana magana, ina so in saurari numfashinka. Allah ya yi maka albarka.

Innarka