Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Tantance Takardun Kayan Aiki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Aiki ɗaya babban taronmu na bara ya ɗora wa wannan kwamiti: mu duba takardun bayanin kayan aikin (wato ayyukan da wata manhaja ke iya kira a yi mata) da wakilan manhaja, wato manhajojin AI masu aiwatar da aiki da kansu, ke dogaro da su wajen aika wa juna saƙo mai tsari, mu gani ko abin da aka rubuta ya isa a yi aiki da shi ba tare da cinke ba.

Watannin farko a karatu suka tafi. Mun bi ƙa'idar MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 don haɗa wakili da kayan aiki, sai A2A da Google ya sanar a Afrilun 2025 don magana tsakanin wakili da wakili, wadda aka miƙa wa Linux Foundation a Yunin shekarar. Dukansu sun jingina da JSON-RPC 2.0, tsarin da manhaja ke bi wajen aika buƙata ga wata manhajar da karɓar amsa. Wani dattijo a cikinmu ya tunasar da mu cewa zancen ba sabo ba ne: KQML, yaren saƙo tsakanin wakilai, ta fito tun farkon shekarun 1990, FIPA kuma, ƙungiyar tsara ƙa'idojin wakilai, an kafa ta a 1996, kuma tun a lokacin ake so kowane saƙo ya faɗi nufinsa, sanarwa ce, buƙata ce ko tambaya.

Hanyar gwajinmu ba ta da sarƙaƙiya. Mukan miƙa takardar kaɗai ga wakilin manhaja, mu kuma miƙa ta ga mamban da bai taɓa ganin kayan aikin ba, sannan mu hana shi tuntuɓar wanda ya rubuta. Duk inda ɗayansu ya koma kintace, sai mu sa alama.

A MCP kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani cikin jimloli, da jadawalin JSON Schema mai jera gurabe da irin abin da za a shigar a kowanne. Jadawalin ba ya cika ba da matsala, domin galibi na'ura ce ke tsamo shi daga ainihin manhajar. Inda gizo ke saƙar shi ne bayanin, wanda mutum ke rubutawa a gurguje bayan ya gama abin da yake ɗauka shi ne aikin. Mun gwada wani kayan aikin tsara lokacin ganawa. Gurbin kwanan wata "rubutu" kawai aka ce a sa. Wakilin ya aika 03/04 da nufin 3 ga Afrilu, sabar, wato manhajar da ke riƙe da kayan aikin, ta karanta 4 ga Maris, ta karɓa, ta ce an yi nasara. Babu kuskuren da ya fito ko'ina. Da an rubuta layi ɗaya cewa a bi tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-04-03, da hakan bai faru ba. Mutum idan ya yi shakka yakan tsaya ya tambaya. Wakili kuwa sau da yawa cike gurbin yake yi da abin da ya fi kama da daidai, ya ƙara gaba.

Saƙonnin kuskure ma sun ci mana lokaci. JSON-RPC ta ware lambobi: -32601 idan ba a sami aikin da aka kira ba, -32602 idan abin da aka shigar bai yi daidai ba. Lambar tana faɗin nau'in laifin, amma ba ta nuna gurbin da aka yi shi. Takardun da suka ƙara cewa "gurbi kaza ne, ga yadda ake so", wakili ya gyara nan take. Sauran kuwa ya yi ta maimaita kira ɗaya, kai ka ce mai buga ƙofar gidan da babu kowa.

Maimaitawar ta fallasa giɓin da ya fi damunmu. Amsa ta yi jinkiri a wani gwaji, wakili ya sake kira, saƙo ya tafi sau biyu, takardar kuma ba ta ce uffan ba kan ko sake kira yana da illa. Tun bitar Maris 2025, MCP ta tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki karantawa kawai yake yi, ko yana gogewa, ko za a iya maimaita shi lafiya. Masu rubutu da dama ba su cike su ba. Ko an cike ma, ƙa'idar da kanta ta ce ishara ce, ba tabbaci ba.

Daga nan muka haɗa takardar awo ga mambobi, muka aro salon RFC 2119, takardar ƙa'idojin intanet ta 1997, wajen raba abin da yake dole da wanda ya kamata da wanda aka bar wa zaɓi.

Inda muka gaza, mu faɗa. Katin gabatar da kai da wakilai ke wallafawa a A2A leƙe kawai muka yi masa. Batun ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda wakili zai karanta ya bi, ko taɓa shi ba mu yi ba, ga shi kuma ya fi batun kwanan wata haɗari. Su biyun muke roƙon taro ya amince mu sa gaba a baɗi, kuma muna neman mambobi masu ilimin tsaron manhaja su ba sakatare sunansu kafin a tashi. Bayanin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji.

Wassalam,
Sakataren Kwamiti