Bakabiyar da ta daina cin kifi

Assalamu alaikum ƙawalli,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya yarana, ya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan Argungu zafi ya fara buɗe ido, tun hantsi ƙasa ke ƙuna. Na san kin cika kin batse. Saƙonki uku na gani ban amsa ba, na ƙarshen har da cewa ko na yi kuɗi ne na daina kula talakawa. Maganar ankon bikin Auta da kika tambaya, kala da kuɗin, zan zo kanta. Amma fara samun wuri ki zauna, ki kuma tabbata Bakatsinen naki ba ya kusa, don kin san bakinsu rariya ne.

Ciki gare ni. Ranar Talata ya cika sati 12.

Kin ga na rubuta, hannuna har rawa yake. Ban da maigidana mai albasa, ke ce ta farko da na faɗa wa. Ko Inna ba ta ji daga bakina ba, ta ina ma zan fara? Shekara huɗu ana yi min kallon gefen ido a gidajen suna, ga wancan da ya zube shekara biyu da suka wuce, wanda ke kaɗai kika ga irin kukan da na yi. Shi ya sa na yi gum. Ko murnar ma a ɓoye nake yin ta, kamar mai cin naman sata.

Kifi ne ya tona min asiri. Da na yi ɓatan wata ban kawo komai a raina ba, kin san nawa ba ya da tsayayyen lokaci. Sai wata Juma'a maigidan ya shigo da tarwaɗa ɗanya, manya guda uku, har suna motsi a leda. Ni da muke kokawa da ke a kan kan kifi, ina kwance ledar ƙarnin ya daki hancina, ban kai bakin rariya ba na amayar da duk abin da na karya da shi. Ya tsaya yana kallona, ya ce Bakabiya da gudun kifi, lallai ko duniya ta zo ƙarshe ko an samu ƙaruwa. Da magariba na zumbula hijabi na tafi kemis ɗin can bayan tasha inda ba a san ni ba, na sayo tsinken gwaji har uku. Da asuba duk ukun suka nuna layi biyu. Na zauna a kan bokiti na rasa abin yi, dariya ko kuka.

Daga nan laulayi ya ce salamu alaikum. Wanda ya raɗa masa suna ciwon safe bai taɓa yi ba, nawa ba ya duba agogo. Kuma ki ji jarabawa: duk duniya a rasa warin da cikin nan zai tsana sai na albasa, ni da aka aurar wa dillalin albasa, kuma a tsakiyar kakarta. Kullum yana hanyar Aliero, yana lodin buhuna zuwa kudu, ya dawo tun daga hula har takalmi yana tashi. Yanzu doka na kafa, a zaure yake tuɓe riga, ya yi wanka da sabulu sau biyu kafin ya taka ɗakina. Ya ce ɗan da ke ƙin sana'ar ubansa tun yana ciki, ai sai a shirya masa kuɗin boko.

Ga yawu. Ban taɓa sanin jikin mutum na da ruwa haka ba. Gwangwanin madara na zuba wa toka, duk inda na zauna yana gefena, in an yi sallama in tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Barci kuwa ko kasa albarka. Ranar nan ina tsintar shinkafa na farka na tarar kaji sun yi walima a farantin. Fitsari sau huɗu sau biyar a dare, nono ya yi tsami ko rigar mama ba na son ta taɓa, bakinsu ya ƙara baƙi. Abincina ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji, kwaɗon rama, sai kunun tsamiya mai tsamin da zai sa ki runtse ido. Abin da ya ɗan taimake ni, wata sista ce ta ce kada in bar cikina wayam: in ci kaɗan kaɗan sau da yawa, in ajiye busasshen biskit a gefen filo in tauna kafin in ɗaga kai da safe, in riƙa jiƙa citta a ruwan ɗumi. Ta ce sinadarin nan da ya fito da layi biyu a tsinke, mabiyiya ce ke zuba shi a jini, yana hawa har wajen sati 10 sannan ya fara sauka, shi ya sa yawancin mata ke samun sauƙi tsakanin sati 12 zuwa 16. Ni dai ina nan ina jiran wannan alkawari. Amma ta ja min kunne, in amai ya kai ko ruwa ba ya zama, ba na zaman gida ba ne.

Yadda aka yi na je asibiti da wuri kuwa, ba jarumtaka ba ce, tsoro ne. Ina sati 7 na shiga bayi na ga ɗigon jini a wando, ɗan kaɗan, ruwan ƙasa. Ƙawalli, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Irin haka wancan ya fara. Na kira shi yana Jega, ya bar mota da kaya ya hawo ta haya. Aka kwantar da ni, aka shafa min wani mai sanyi a mara, likita na ta goga abin yana kallon allo bai ce komai ba, ni kuma ina kallon silin ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Can ya juyo da allon ya ce in duba. Ban ga komai ba sai duhu da toka toka. Ya sa bakin biro a kan wani ɗan ɗigo, da ƙyar ya fi ƙwayar shinkafa, a tsakiyarsa wani abu na ƙyaftawa, ɓal ɓal ɓal. Ya ce zuciya ce. Ya ce kuma yana zaune a cikin mahaifa, don abin da suke fara nema ke nan, wani cikin a bututu yake maƙalewa, shi ne mai kai mace ga tiyatar gaggawa. Mutumin naki da ke cika baki shi namijin duniya ne, sai ga shi yana goge ido da hula.

A nan ne na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ya shekara biyu yana cina. Kin tuna da aka ce dakan da na yi ne ya zubar da wancan, wasu suka ce ɗaukar jarka, Gwaggo ta ce baki ne? Likitan ya ce yawancin ɓarin watannin farko daga ƙwayar halittar ne, tun haɗuwar farko ba ta daidaita ba, ko kwanciya mace ta yi a kan auduga ba zai zauna ba. Ban san irin dutsen da nake ɗauke da shi ba sai da na ji an sauke.

Wai kin san lissafinsu daban yake da namu? Daga ranar farko ta hailar ƙarshe suke ƙirgawa, sati 40, kwana 280. Ke nan sati biyun farko ma babu kowa a ciki, kyauta aka ba ni. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, duk babban aikin a lokacin da muke ɓoyo ake yin sa. Kafin in gama shakkar ko ɓatan wata ne ko ciki, hanyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da lakar baya ta riga ta rufe, cikin kwana 28 da shigar ciki. Shi ya sa ƴar ƙwayar nan rawaya, folik asid, aka fi son mace ta fara sha tun kafin ta ɗauka. Mu kuwa sai ciki ya turo zane, wata biyar wata shida, sannan a tafi yankar katin awo, wai kunya. A sati 8 yana kamar ƙwayar wake, hannu da ƙafa sun tsiro. A sati 10 yatsu sun rabu. Jiya da muka koma hoto na biyu, ƙawalli, mutum na gani. Kai ƙato, kusan rabin jikin, irin na dangin ubansa. Tsawonsa santimita 5 da ɗoriya, yana ta wutsil wutsil da ƙafa, ni kuwa ban ji komai ba. Wai har farce ya fara fitowa, ƙoda ta fara yin fitsari. Uban ya gwada da yatsunsa ya ce wannan ai ko a ƙananan albasa ba za a saye shi ba, sai dai a ba da gyara. Ya matsa a faɗa masa mace ce ko namiji, aka ce ya dawo wajen sati 20.

Ina kwance daren jiya sai darasin Malama na Islamiyya ya faɗo min, na ɗigon ruwa da gudan jini da tsoka, kwana arba'in arba'in, sannan a busa rai a kwana 120. Lokacin muna can layin baya muna cin aya, kina zana min lalle da biro. Da na san zan gani da idona da na saurara.

Af, kin ji ƴar gidan mai goro ta dawo? Wata bakwai kacal. Ana cewa a kan firji ne, wasu na cewa uwar miji. Kayan ma da dare aka kwaso a motar shinkafa don kada a gani, sai ga shi motar ta maƙale a yashi daidai ƙofar masallaci ana fitowa sallar isha'i. Kuma mutuniyarki mai awara ta sayi fili a hanyar Birnin Kebbi, mu muna nan muna raina kasko.

Maganar uwar miji ta tuna min da Hajiya. Kin san ba a ɓoye wa tsofaffi. Ina sati 9 na je gaishe ta, na durƙusa, ta ƙura wa wuyana ido, ta kama tafin hannuna ta juya, ta ce, “Ke ɗiyag ga, mi as same ki kin ka yi fari haka?” Na ce zazzaɓi ne. Ta ce uhm. Ba ta ƙara ko kalma ba. Washegari sai ga yarinya da ƙullin tsamiya, da saƙon cewa daga yau an ɗauke min girkin gidan. Wallahi har hawaye na yi. Matsalar ita ce bayan kwana biyu sai ga galan na jiƙe jiƙe, baƙi ƙirin, wai na riƙe ciki ne. Ni kuma an gargaɗe ni kada in sha komai a watannin nan, na bature ko na gargajiya, sai wanda suka rubuta, don yanzu ne gaɓoɓi ke haɗuwa. In ƙi karɓa, na yi rashin kunya. In sha, raina bai kwanta ba. To bishiyar lemun bayan ɗakina ce ke shan kofi guda kullum, har ta yi sabon ganye. Allah ya yafe min. Ke ya kika yi da taki surukar lokacin cikin Babana? Ki ba ni dabara kafin maganin zaƙi ya biyo baya, don na san yana tafe.

Ƙwayoyin asibitin ma ba daɗi gare su ba. Jar nan ta ƙarin jini tana ɗaure min ciki, bayan gida ya koma baƙi, na tsorata sai da aka ce haka take yi. An hana ni haɗa ta da shayi, wai yana tare ta. Sun ce jinin jikina zai ƙaru da kusan rabi kafin haihuwa, dole a ba shi abin gini. Daga sati 13 za a fara ba ni Fansidar wata wata saboda zazzaɓin cizon sauro, a gabansu ake haɗiyewa, sai allurar tetanus. Kin dai san sauron garinmu, ga fadama ga shinkafar rani, ba sai damina ba. Gidan sauro tun magariba nake shigewa ina gumi kamar an rufe tukunya.

Har yanzu duk shigata bayi sai na duba wando. Sun ce tunda an ga bugun zuciya kuma an kai sati 12 haɗarin ya ragu ƙwarai, na ji, amma zuciyata ba ta iya lissafi ba. Ko tsumma ban saya ba. Ke a wata na nawa kika fara jin motsi? Sun ce mai cikin da bai taɓa girma ba takan kai sati 18 zuwa 20, kuma wai kamar motsin ɗan kifi yake. Kifi dai, kifi dai, ba zai bar ni ba.

Ki sa ni a addu'a, ki kuma riƙe bakinki. Ko Yaya kada ta ji, in ta ji to Kamba ta ji, Yauri ta ji. In kin samu mai tahowa ki aiko min da irin man shafawar nan marar ƙamshi da kika zo da shi bara, nawa duk tayar min da zuciya suke. Ki shafa min kan yara, ki ce wa Bakatsine uwar ɗakinsa na gaishe shi.

Ga ƙarar mashin ɗinsa nan a ƙofa, tun daga nan na jiyo Aliero. Bari in kai ga gwangwanina.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Argungu