Masu kiwon kifin ado, kada a zubar da ruwa don ya yi kore

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi, musamman waɗanda ba su daɗe da farawa ba. Na jima a wannan kiwo, kuma kukan da ya fi zuwa kunnena shi ne ruwa ya yi kore shar, ba a ganin kifi sai ya matso jikin gilashi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matakin da ake ɗauka. Sai a kwashe kifin a zuba a bokiti, a malalar da ruwan kaf, a dirje tsakuwa da soson filta, wato matatar ruwa, da sabulu, a cika da sabon ruwan famfo. Akwatin ya yi ta ƙyalli kwana biyu, kafin mako ya zagayo kifi sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, koren kuma ya dawo.

Wannan kore gansakuka ce, amma ba mai manne wa gilashi ba. Ƙananan halittu ne masu ƙwayar jiki ɗaya da ke yawo a cikin ruwa, irin su Chlorella, wadda girmanta ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na milimita. Shi ya sa take ratsa soson filta ta fice abinta. Haske take buƙata da abinci, abincin nata kuwa amoniya ne da naitiret da fosfet, waɗanda ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abin da aka watsa musu. Muddin waɗannan na nan, ko rabin ruwan aka canza, ƙwayoyin da suka saura za su hayayyafa su cike gurbin cikin 'yan kwanaki.

Ita kanta gansakukar ba ta kashe kifi, har ma masu ƙyanƙyasar kifi da gangan suke renon 'ya'yan a irin wannan ruwa. Haɗarinta na cikin dare ne. Da rana tana fitar da iskar oksijin, idan duhu ya yi sai ta koma shaƙa tare da kifin. Wanda ya leƙa da asuba ya tarar da kifinsa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, to iska ce ta yi ƙaranci, ya kunna injin iska nan take ya bar shi yana aiki dare da rana.

Kafin a yi komai, a ɗebi ruwan a kofin gilashi a ɗora kan farar takarda kusa da haske. Idan launin kore ne, gansakuka ce. Idan fari-fari ne dushi-dushi, bakteriya ce ta yi yawa, abin da aka saba gani a sabon akwati, kuma yakan washe da kansa cikin mako ɗaya ko biyu idan aka rage abinci aka ƙyale shi.

Filta nake so a fi kula da ita, domin a nan ɓarnar take. Wannan soso mai launin ƙasa-ƙasa da ake ƙyama, shi ne gidan bakteriya masu amfani. Wasu, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wasu kuma, irin su Nitrospira, su mayar da naitirait ya zama naitiret. Amoniya da naitirait guba ne ga kifi ko da kaɗan ne, naitiret kuwa da sauƙi, ana rage shi da canjin ruwa. Waɗannan bakteriya sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, amma kulorin da ke cikin ruwan famfo yana iya hallaka su a wanki ɗaya. Da zarar sun mutu amoniya za ta taru, ta ƙona wa kifi wurin numfashi, ta kuma ciyar da gansakukar da ake yaƙi da ita. Don haka soso a ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi, matsa biyu ko uku, a mayar da shi da ɗan dattinsa. Sabulu kuwa kada ya kusanci akwatin kifi ko da wasa.

Ga yadda nake yi. Ina fara da duba inda akwatin yake. Idan rana na faɗo masa ta taga, ko da awa biyu ne, sai a kawar da shi ko a sa labule. Sannan in canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ina zuƙo dattin da ke ƙarƙashin tsakuwa da tiyo. Sai in kashe fitila, in lulluɓe akwatin da bargo mai kauri ta kowane ɓangare, in bar 'yar kafa ta sama don iska, har kwana 3 zuwa 4. Babu leƙe, babu ciyarwa. Lafiyayyen babban kifi ba ya komai don ya yi waɗannan kwanaki bai ci ba, tsirrai ma suna jurewa. Ranar buɗewa in sake canza kashi ɗaya cikin uku, saboda gansakukar da ta mutu tana ruɓewa tana cin iska. Sabon ruwa dole a ɗiga masa maganin cire kulorin. Ajiye shi a bokiti ya kwana yana fitar da kulorin, amma inda ake sa kuloramin, wani sinadari dangin kulorin, a ruwan famfo, ajiyewa ba ta fitar da shi.

Daga nan sai kiyayewa. Fitila kada ta wuce awa 6 zuwa 8 a rana, abinci kuma iya abin da za su cinye cikin minti 2. Na san yara, har da manya, suna jin daɗin ganin kifi na rububin abinci, sai kowa ya zo wucewa ya watsa nasa. A sa mutum ɗaya a gida ya riƙe wannan aiki. A kuma dasa tsirran ruwa masu saurin girma, domin su riga gansakuka cinye naitiret. Tun a 1850 Robert Warington, wani masanin sinadarai a Ingila, ya nuna cewa kifi da tsiron Vallisneria suna iya zama a mazubi ɗaya ruwan ya daɗe bai lalace ba.

Wanda koren ya ƙi barinsa, kuma yana da hali, ya nemi fitilar UV wadda ruwa ke bi ta cikinta. Tana kashe ƙwayoyin da ke yawo, ruwa ya washe cikin kwanaki, bakteriyar da ke manne a soso kuma fitilar ba ta taɓa su. Magungunan kwalba na kashe gansakuka ba na ba da shawararsu. Suna kashe ta gaba ɗaya a lokaci guda, iska ta ƙare, masu ɗauke da sinadarin tagulla kuma suna gamawa da katantanwa da jatan lande.

Kirana ga masu sayar da kifin ado shi ne su daina haɗa wa mutum sabon akwati da kifi goma ya tafi da su rana ɗaya. A ce masa ya fara da biyu ko uku, a nuna masa yadda ake matse soso, a tambaye shi inda zai ajiye akwatin tun kafin ya fita da shi.

Na gode da wannan dama.

Wassalam,
Wani mai kiwon kifin ado