Takardar Koke Zuwa Ga Hakimin Kumbotso Kan Sababbin Ayyuka A Manyan Layukan Wutar Lantarki

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Kumbotso,
Ta hannun dagatai da masu unguwannin da babban layin wuta ya ratsa ƙasarsu.
Kwafi ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Kumbotso.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah Ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana, mu da muka sa hannu a wannan takarda injiniyoyin lantarki ne, da masu gyaran motar injin lantarki da taransifoma, da masu masana'antu a Challawa da Sharaɗa, da manoman da turakun ƙarfe ke tsaye cikin gonakinsu. Roƙonmu shi ne Hakimi ya kira zama tsakanin jama'arsa da hukumomin wuta, kuma zaman ya ɗore, domin duk wata sabuwar dabara da za a kawo kan manyan layuka a tattauna ta da mutanen da ke kwana a ƙarƙashin wayar kafin a kafa ta.

Mafi yawan wutar Najeriya ana samar da ita ne a tashoshin gas na kudu da madatsun ruwa na Jihar Neja, irin su Kainji da Shiroro da Zungeru. Wadda ke zuwa mana tana biyo layi mai ƙarfin kilobolt 330 ta Mando a Kaduna, ta sauka a babbar tashar TCN, kamfanin da ke dakon wuta a manyan layukan ƙasa, da ke nan Kumbotso. A nan ake rage ta zuwa 132, a tura Ɗan'agundi da Dakata da Katsina da sassan Jigawa, kafin KEDCO mai rarraba wuta ga jama'a ta karɓa a 33, ta sauke zuwa 11, sannan taransifomar unguwa ta mayar da ita wadda ake kunna fitila da ita. Ke nan a ƙasar Hakimi ƙofar wutar jihohi uku take, wato Kano da Katsina da Jigawa. Mun ga abin da hakan ke nufi a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, shi kuma na Ugwuaji ta Enugu zuwa Apir ta Binuwai da ya rage yana ɗauke da arewa ya faɗi, jama'a suka yi fiye da mako guda cikin duhu.

Ko a ranakun da babu ɓarna, layin da ke ciyar da mu yana fama da ciwo biyu. Na farko zafi. Wayar alminiyon da ke kan turakun tana ɗumama gwargwadon lodin da ta ɗauka, kuma idan lodi ya ninka biyu zafin ninkawa huɗu yake yi. Waya in ta yi zafi sai ta miƙe, ta sako ciki ƙasa tsakanin turke da turke, ta matso kan bishiya ko rufin kwano. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kowa ke neman fanka da ƙanƙara, a lokacin ne iska ke da zafi kuma waya ta fi kasa ɗaukar kaya, sai a rage lodi don kada ta taɓa wani abu. Ciwo na biyu raunin wuta. Kano a wutsiyar layi take, kamar gonar ƙarshe a magudanar Kadawa wadda ruwa ke isa gare ta ya riga ya gaji. Wuta mai rauni ita ke cinye motocin injina: mota na jan ƙarin wuta don ta cike giɓin, naɗin wayarta ya yi zafi, fentin da ke jikin wayar tagulla ya ƙone, sai a kai ta rewayin, wato a sake mata naɗi. Masu injin niƙa da masu casar shinkafa sun san wannan warin.

Akwai magunguna na zamani ga duka biyun, kuma ba mu zo don mu ƙi su ba. Mun zo ne don kowannensu yana da inda yake lalacewa idan ba a yi shawara ba.

Ɗauki sauya waya. Akwai sabuwar waya mai jure zafi wadda ba ta sakin ciki sosai, wasu nau'o'inta zuciyarsu ta zaren kabon ce maimakon ƙarfe. Tsohuwar waya ana kiyaye ta kada ta wuce wajen digiri 75, ita kuwa sabuwar tana aiki a 150 ko fiye, don haka tana iya ɗaukar kusan ninki biyu a kan turakun da ake da su. Alherinta a wurinmu babba ne, tunda ba sai an buɗe sabuwar hanya an rushe gidaje ba. Amma zuciyar kabon ba ta son lanƙwasa. Idan ma'aikaci ya ja ta a kan ƙaramar gargare ko ya matse ta da maƙalin tsohuwar waya, za ta tsage daga ciki ba tare da ido ya gani ba, ta tsinke bayan watanni. Kuma in an ƙara wa waya ƙarfi aka bar taransifoma da makatsan tasha yadda suke, an dai matsar da maƙurar ne daga daji zuwa cikin tasha.

Abin da ya fi damunmu a wannan aiki shi ne lokacin yinsa, domin dole a kashe layi kafin a sauke tsohuwar waya. Ɗauke wuta ba zato yana da farashi daban a kowace sana'a. Mai kamfanin roba, idan wuta ta ɗauke narkakken roba na cikin inji, daskarewa yake yi, sai an kwance injin an ƙone shi an kankare, aikin yini guda ko fiye. Majemin Challawa da fatu ke juyawa cikin ganga da sinadari, in ganga ta tsaya sinadarin ya ci gefe ɗaya, fatar ta tashi daga ta fitarwa waje ta koma ta kasuwar gida. Mai ƙanƙara na bukatar sa'o'i masu yawa a jere, wutar da ke zuwa tana komawa ba ta daskarar masa da komai. Matatar ruwa ta Challawa in ta tsaya, garuwa ta yi tsada a cikin birni. Duk waɗannan za su iya shiryawa idan sun san ranar. Jadawalin da aka tsara da su, aka sanar mako biyu kafin lokaci, aka ɗora aikin a ranakun da lodi ya yi sauƙi kamar Lahadi ko cikin sanyin hunturu, zai rage asarar ƙwarai.

Dabara ta biyu ita ce ƙananan na'urorin da ake maƙalawa a jikin waya ko turke, suna auna zafinta da gudun iska, suna aika labari ɗakin kula da layi. Da su ake sanin cewa yau iska na kaɗawa, waya ta huce, ana iya ƙara mata lodi fiye da adadin da aka rubuta a takarda. Waɗanda ake ɗaurawa a turke da ƙaramin faifan sola da batir suke aiki. A ƙasarmu ƙurar hunturu na rufe faifan cikin 'yan kwanaki, batir ya mutu, na'ura ta yi shiru. Faifan sola da batir a tsakiyar daji kuwa, kowa ya san kasuwarsu. Kafin a kashe kuɗi a kansu ya kamata a amsa tambaya biyu a gaban jama'a: wa zai riƙa goge su, wa kuma zai sa musu ido.

Sai jirgi maras matuƙi da ake duba layi da shi, mai kyamarar da ke gano mahaɗar waya da ta yi zafi ko faifan tangaran mai raba waya da turke da ya fashe. Aiki ne mai kyau, yana gano cikin awa ɗaya abin da mai tafiya a ƙasa zai yi yini bai gani ba. Sai dai, ranka ya daɗe, gidajenmu tsakar gida a buɗe take, iyali na ciki. Jirgi mai kyamara da ya bi ta saman Panshekara ko Sheka ba tare da mai unguwa ya sani ba, ba zai koma gida lafiya ba, kuma ba za mu ga laifin magidanta ba. Ga halin tsaro da ake ciki, wanda kowane baƙon abu a sama ke tayar da hankali. Maganin ba shi da tsada: a sanar a masallatai da rediyo, a faɗi rana da sa'a, jirgin ya tsaya kan hanyar layi, wakilin mai unguwa ya tsaya kusa da mai sarrafa shi yana ganin abin da ake ɗauka.

Maganar ɓarayin ƙarfe ita ce inda sarauta ta fi kowace na'ura amfani. Turken ƙarfe ba ya faɗuwa a ranar da aka fara kwance shi. Ana cire ƙananan sandunan da suka gicciya a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafun su rasa abin da ke riƙe su, sai iskar farkon damina ta zo ta murɗe shi, nauyin waya ya jawo na kusa da shi. Akwai noti na musamman da kansa ke gutsurewa in an ɗaure shi, sifana ba ta kama shi, akwai kuma yi wa notuna walda daga ƙasa har inda tsani ke kaiwa, da na'urar da ke aika saƙo in an girgiza turke. Duk suna jinkirta ɓarawo ne kawai. Abin da ke hana shi shi ne rashin mai saye. Ƙarfen turke ba ya ɓuya: mai kusurwa ne, an yi masa wankan tutiya, da ramukan noti da lambar da aka buga a jikinsa. Idan aka tara shugabannin 'yan gwangwan a fada aka nuna musu samfurinsa, aka yi yarjejeniya cewa wanda aka samu da shi a shagonsa shi zai amsa, an toshe rabin hanyar. Haka masu haƙar yashi da ƙasar gini da ke ci har gindin turke, da masu cinna wa ciyawa wuta a ƙarƙashin waya bayan girbi. Da yawa ba su san cewa hayaƙi mai kauri da harshen wuta na buɗe wa lantarki hanyar tsallakowa ba, layi ya faɗi, jihohi uku su shiga duhu saboda farautar gafiya.

Dokar ƙasa ta keɓe fili mai faɗin mita 50 ga layin 330, wato 25 kowane gefe, da mita 30 ga layin 132. Masu yanka filayen awon igiya ba sa faɗa wa mai saye wannan, sai ya gina, ya tare, sannan a zo da jan fenti. Muna roƙon a kafa duwatsun shaida a gefen hanyar layi, dagatai da masu unguwanni su daina sa hannu a takardar cinikin duk filin da ya shiga ciki. Inda kuma sabon aiki zai ci gona ko gida, kamar yadda sabon layin Kaduna zuwa Kano da tashar Rimin Zakara ke bukatar fili, a yi ƙidayar kadara a gaban mai ita da mai unguwarsa, a ba shi kwafin takardar a hannu, a biya diyya kafin katafila ta shiga.

Game da raunin wuta, akwai na'urorin da ake kafawa a cikin tasha masu tallafa wa ƙarfinta, akwai kuma samar da wuta a kusa da mai amfani da ita. Tashar sola ta Haske mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa a watan Janairu na 2023 misali ce a ƙofar gidanmu. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, irin wannan tasha da aka jona da babban layi takan kashe kanta idan layin ya faɗi, don kare ma'aikatan da ke gyara, ko da rana na tsaka. Kafin ta iya riƙe wani yanki ita kaɗai sai an haɗa ta da manyan batura da injin juya wuta mai iya tsayar da bugun wuta na sau 50 a daƙiƙa da kansa, an kuma ware layin da za ta ciyar. Muna so a zauna a fayyace wa ya kamata ya hau wannan keɓaɓɓen layi. A ganinmu matatar ruwa da asibitoci ne farko, masana'antu su biyo baya su biya kuɗin da ya dace. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka wannan magana ce da za a iya yanke ta a Kano.

Saboda haka muna roƙon Hakimi ya rubuta wa ofishin TCN na shiyyar Kano, da KEDCO, da hukumar NISO da aka cire daga jikin TCN wadda rabon lodi ke hannunta yanzu, ya gayyace su zama a fadarsa duk bayan wata uku. A zaman a samu dagatan da layi ya bi ta ƙasarsu, da wakilan masana'antu, da ƙananan masu sana'a irin su masu walda da niƙa da ƙanƙara, da 'yan gwangwan, da 'yan sanda da jami'an Sibil Difens, da wakiliyar mata masu sana'ar cikin gida, waɗanda firji ɗaya ne jarinsu. Duk aikin da za a kawo a gabatar da shi da Hausa, a rubuce da boko da ajami, da taswirar da ke nuna lambobin turakun da abin ya shafa. A kawo rahoton faɗuwar layi na watannin da suka wuce, kowace da dalilinta, domin in wutar daji ce ko sata, mu ne za mu gyara, in kuma daga tasha ne su faɗa. Wannan rahoto zai kuma taimaki waɗanda ke rukunin Band A, da ake cajinsu kuɗi mafi tsada bisa alƙawarin sa'o'i 20 a rana, su san inda sa'o'insu ke maƙalewa.

Muna kuma roƙon a ɗauki matasa daga ƙauyukan da layi ya ratsa a matsayin masu sa ido, kowane da turakun da aka damƙa masa da lambobinsu, a ƙarƙashin mai unguwarsa, da ɗan alawus da lambar waya guda da za a kira dare ko rana. Aikinsu dubawa ne da kai rahoto. Hawa turke ko taɓa wayar da ta faɗo ba nasu ba ne, kuma a koya musu cewa wayar da ke ƙasa tana iya kashe mutum tun yana taku da yawa nesa da ita.

Mu a namu ɓangaren, injiniyoyin cikinmu sun ɗauki nauyin fassara takardun aiki zuwa Hausa da zagayawa makarantu da masallatan Juma'a don wayar da kai ba tare da an biya su ba, masu masana'antu kuma za su miƙa jadawalin lodinsu na mako-mako domin a tsara ranakun kashe layi da shi.

Allah Ya ja zamanin Hakimi, Ya ƙara masa lafiya.

Mu ne masu biyayya,
Injiniyoyi da masu gyaran kayan lantarki, masu masana'antu da ƙananan sana'o'i, da manoman gefen layi na ƙasar Kumbotso.