Kashin doki sai ya ruɓe kafin a zuba wa shuka

Malam Edita, assalamu alaikum. Daga Maiurno nake rubutowa, nan jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Takin zamani yayi tsada wallahi, shi yasa mutanenmu suka koma kwasar kashin doki wajen masu karo (amalanken doki) suna zubawa a ɗan lambun bayan gida, kuma abu ne mai kyau, amma dan Allah adaina zuba shi ɗanye. Ni bara na zuba wa kuɓewa da lalo haka nan, saiwar ta ƙone, ga ciyawa ta fito ko'ina don cikin doki baya kashe irin ciyawar da yaci. A tara shi a inuwa ana yayyafa ruwa ana juyawa kamar wata 4, sai yayi baƙi warin ya tafi. Jarjir kuwa, wani ganye da muke shukawa, tunda ɗanye muke ci, a kiyaye sosai saboda yara.

Naku, mai karatu daga Maiurno, Sudan.