Godiya ga shagon gyaran gem da ya tayar min da kayan Yaya

Assalamu alaikum Oga, kai da yaranka biyu na shago.

Na san kace kar in saka sunanka ko na shagon a ko'ina, wai aikin da ke gabanka ma ya isheka, toh na ji ban saka ba, amma maganar in yi shiru kam wallahi ba zan iya ba, yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ke shiga wajen masu gyaran kayan wuta a Sabon Gari nan Kano zai iya gane wa nake nufi, wanda bai gane ba ya yi haƙuri.

Bari in ɗauko maganar daga tushe saboda masu karantawa. Yayana, Allah ya jiƙansa, yana da ɗan gidan gem a soron gidanmu wajen 1997 zuwa farkon shekarun 2000, talabijin biyu, benci ɗaya mai rawa, da labule dan kar Baba ya hango yaran da suka gudo daga Islamiyya. Kayan a hannun wani direba mai zuwa Legas ya saye su, gwanjon Alaba, kuma aka yi dace ko rashin dace duk 'yan Japan ne, Super Famicom ɗaya wato ita ce Super Nintendo a wajen Turawa, da Mega Drive ɗaya wadda mu dai Sega kawai muke ce mata. Sauran gidajen gem na unguwa Mortal Kombat da Street Fighter suke tinƙaho da su, mu kuma namu kasusuwan duk rubutun Japananci ne babu mai iya karanta ko harafi ɗaya, sai dai ka danna ka ga abun da zai faru. A lokacin bamu ma san daga katun aka ciro mutanen nan ba. Piccolo Kore muke ce masa, Vegeta kuma Mai Goshi, Kuwabara na cikin Yu Yu Hakusho shi ne Mai Tukku. Sai da CD ya zo gari muka ga Dragon Ball Z da idonmu muka ce au, ashe Mai Goshi ɗan sarki ne shi ya sa yake wannan jin kan.

Bayan rasuwar Yaya aka tattara komai a kwali aka ɗora a saman sif ɗin Hajiya, ya fi shekara goma sha biyar a wurin ba wanda ya taɓa, ni dai ban da ƙarfin zuciyar buɗewa. Ɗansa ne da ya zo hutu bana ya sauko da shi yace Baffa wannan meye. Ni kuma dan ɗoki da son in burge yaro na zaro adaftar Super Famicom ɗin na cusa a soket kai tsaye, na manta shaf cewa Yaya yana da wani ƙaramin akwati mai nauyi da yake fara jonawa. Sai ji muka yi fat, sai ƙauri. Laifina ne ɗari bisa ɗari, wutar Japan 100 ce tamu kuma 230, ban da ranar da NEPA ta ga dama ta ƙara mana da gyara.

Wuri uku na kai kafin in zo gunka. Na farko ko buɗewa bai yi ba yace Alhaji ka kai wa 'yan gwangwan, na biyu yace in kawo waya ya saka min dubu ɗaya irinsu a ciki, na uku kuma ya riƙe min sati biyu ya dawo min da ita da ƙusa ɗaya ta ɓace. Ban riƙe kowa a rai ba, ba layinsu bane.

Kai kuwa ina ajiye kwalin abun da ka fara tambaya shi ne wace adafta na jona kuma a wace wuta, kafin in gama kame-kame ka riga ka gane. Ka ɗauko wata 'yar sukundireba ta musamman, dan ashe ƙusoshin Nintendo ba irin na kowa bane, ka buɗe a gabana ka sa mita ka nuna min fis ɗin da ya tsinke kusa da inda wuta ke shiga, da wani ɗan abu mai ƙafa uku da kace sunansa 7805, shi ke sauke wutar zuwa 5 kafin ta isa cikin injin. Kace in Allah ya taimaka a nan ɓarnar ta tsaya, in kuma ta wuce ta taɓa manyan cif toh ba zaka ɓoye min ba kuma ba zaka karɓi ko sisi ba. Wannan maganar ita ta sa na bar kayan hankalina kwance. Ka canza su biyun, ka canza wasu kafasito da suka tsufa, ka samo min adafta mai ɗaukar wuta daga 100 har 240, sannan ka ja kunnena cewa ba kowace adafta mai baki iri ɗaya ake cusawa ba, ita wannan tsakiyar bakinta nagetif ne, in aka juya an sake yin ta'asa. Har ka rubuta da maka a jikinta cewa tana yi wa Super Famicom da Mega Drive ta farko, amma banda ta biyu.

Da na kai gida hoto ya fito amma baƙi da fari a tsohuwar talabijin ɗin Hajiya, na dawo da fushina ina cewa aiki bai yi ba, kai kuma kana dariya. Nan ka min bayanin NTSC da PAL, cewa injin Japan da tsarin kalarsa yake fitowa, talabijin ɗinmu kuma in ba malti bace, wato mai karɓar tsarin biyun, ba zata gane shi ba. Toh shi ya sa ashe talabijin ɗaya ta Yaya take nuna kala ɗayar kuma bata nunawa, mu muna cewa tsufa ne, shekara ashirin da wani abu sai yanzu na samu amsa. Ka aika ƙaramin yaronka wajen maƙocinku mai gyaran talabijin ya binciko min wata inci 14 mai ƙaton baya, malti, a kuɗin da bai kai na cefanen sati ba. Nace me zai hana in jona a falasma kawai, kace zai yi amma gem ɗin faɗa ba ya son jinkiri ko na ƙiftawar ido, sabbin talabijin sai sun tsaya sun sarrafa hoton kafin su nuna. Na gwada duka biyun, gaskiyarka ne.

Amma Oga abun da ya sa na zauna rubuta wannan ba gyaran bane, maganar kasusuwan ce. Guda tara ne a kwalin. Da ka faɗi kuɗin aiki lokacin aljihuna ba nauyi, nace ka ɗauki na Sega guda biyu ko uku a madadin kuɗi tunda ni Dragon Ball ɗin kawai nake so. Wallahi da ka ce toh da shikenan, ba zan taɓa sani ba. Sai ka zube su a kan tebur ka ware gida biyu, ka buɗe bayansu ka nuna min waɗanda jabu ne, allon cikinsu da wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta, da waɗanda na asali ne. Ka ɗaga na Yu Yu Hakusho kace wannan shi kaɗai ya ninka kuɗin aikina, masu tara tsofaffin gem nemansa suke, in mayar da shi gida in biya ka a hankali. Na rasa me zan ce. Wata biyu na yi ina biya, ko sau ɗaya baka kira ni ba.

Daga baya na bi diddigin kaset ɗin nan. Cikakken sunansa Makyo Toitsusen, kamfanin Treasure ne ya yi shi a 1994, waɗanda suka yi Gunstar Heroes, kuma ba a taɓa fitar da shi a Amurka ko Turai ba a zamaninsa, sai Brazil da kamfanin Tectoy ya fassara shi a 1999. Abun da ya bambanta shi da sauran shi ne mutum huɗu na iya dambacewa lokaci ɗaya, filin kuma layi biyu ne gaba da baya, ka tsallaka baya ka bar mutum biyu su gama da juna sannan ka dawo ka ƙarasa wanda jininsa ya kusa ƙarewa, munafunci dai tsagwaronsa. Mu duk zamanin Yaya mu biyu muke bugawa dan bamu san akwai wani ɗan akwati mai baki huɗu da ake jona hannuwan buga gem a ciki ba. Kai ka fito da shi daga ƙasan kanta ka ara min na Sallah. Ranar mu huɗu da muka tashi a soron nan, yanzu kowa da furfurarsa, ɗaya ma malamin makaranta ne, muka zauna kan tabarma muna ihu har Hajiya ta leƙo tace ku dai ba zaku girma ba. Wanda ya ɗauki Toguro shi aka taru aka fara kashewa.

Na Dragon Ball kuwa uku ne, Super Butoden na farko da na biyu duk na 1993 daga Bandai, sai Hyper Dimension na 1996 wanda ka ce jabu ne amma yana aiki. Ni a ganina, kuma na san za a yi min gardama, na biyun ya fi duka. Hyper Dimension ya fi kyan zane ba musu, amma ya rasa abun nan da ya sa muke ƙaunar Butoden, wato ka ja da baya ka yi nisa har allo ya rabe biyu da layi a tsakiya, kai kana sama shi yana ƙasa, ka tsaya ka tara fawa sannan ka sako masa Kamehameha, wasan ya tsaya cak ana jiran ya danna abun da zai kare kansa, ko ya doke ta gefe ko ya mayar maka da tasa su haɗu a tsakiya ku hau dukan madanni kamar masu sussuka. Hannuwa nawa suka mutu a wannan dukan Allah kaɗai ya sani. Street Fighter II ya fi shi tsari, ko ni na yarda, amma Street Fighter baya baka wannan jin cewa kai ne a cikin katun ɗin.

Akwai na Ranma ½ ma, yaron nan da ke komawa mace in ruwan sanyi ya taɓa shi. Babban yaronka ne ya bani labarin cewa na farkonsa da aka kai Amurka cire mutanen cikin aka yi gaba ɗaya aka zana wasu aka sa masa suna Street Combat, dan a lokacin suna ganin ba mai sayen katun ɗin Japan a can. Yaron nan ya san abubuwa, ka riƙe shi da kyau. Shi ya hana ni hura kaset da baki ma, yace danshin numfashi ke sa haƙoran su yi tsatsa, ya nuna min yadda ake gogewa da sifirit da auduga. Shekara nawa muna tofa wa kaset yawu muna cewa gyara muke.

Ƙorafi ɗaya dai zan yi tunda gaskiya muke faɗa, dan Allah a samo kujera ta biyu a shagon nan, duk zuwan da na yi a kan wata matacciyar sitabilaiza nake zama.

Sai maganar hannu. A ƙasan kwalin akwai wata takarda da ta yi ja, rubutun Yaya ne da biro, sama, X, ƙasa, B, L, Y, R, A. Wannan shi ne sirrin gidan gem ɗinmu, dan a Butoden na biyu Goku baya cikin waɗanda ake zaɓa, sai ka danna wannan a farkon buɗewa kafin ya fito shi da Broly, kuma Yaya juya baya yake in zai danna dan kar yara su haddace, mai son Goku sai ya ƙara naira biyar. Na gwada ya fi sau ashirin ya ƙi shiga, har na fara tunanin ko Yaya da gangan ya rubuta ba daidai ba. Da na kawo maka ka buɗe hannun ka ga madannin R ne ya karye ta ciki, robar ma ta cinye. Baka da sabo, sai ka ciro daga wani mataccen hannu da ke rataye a bango ka saka, kace wannan kyauta ce, ka yi wa mamaci addu'a.

Daren ranar na miƙa wa ɗansa takardar da hannun nace kai zaka danna. Sau biyu yana kuskure dan ya saba da hannun PlayStation, a na uku muka ji muryar nan mai nuna sirrin ya shiga tace Kakarotto. Ya juyo yana tambayata me aka ce, ni kuma na kasa magana sai da na fita tsakar gida na dawo. Ya ɗauki Broly, na ɗauki Mai Goshi, ya min dukan kawo wuƙa sau uku a jere, yanzu takardar tana cikin walat ɗinsa.

Allah ya saka da alheri Oga, Allah ya yi wa kasuwa albarka ya raya maka zuri'a, ya sa yaran nan biyu su ma su buɗe nasu. Akwatin mai baki huɗu yana nan zan dawo da shi ranar Asabar in sha Allah, kuma zan taho da wata PS2 ta abokina da ta daina karanta faifai, wai shi ma Budokai Tenkaichi 3 ɗinsa yake so ya nuna wa 'ya'yansa.

Naka,
ƙanin mai gidan gem na soro.