Barka da Sallah daga Gent, da gyaran zancen hoton nan

Gent, Beljiyam
Lahadi, 1 ga Shawwal 1446, 30 ga Maris 2025

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina yi muku barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. A gaida mini Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu na Samaru, da duk mutanen layinmu. Auta, na san ke za a miƙa wa wayar ki karanta musu. Ki karanta duka, ban da tsallake inda aka ambace ki.

Rana ɗaya muka yi idi da ku bana. Mu a cikin wani babban zaure muka yi, Turkawa da 'yan Maroko suka fi yawa, baƙar fata ba mu cika sahu biyu ba. Saura kaɗan na makara, domin a daren jiya aka tura agogo gaba da awa ɗaya, haka suke yi duk Lahadin ƙarshe ta watan Maris. Tun Oktoba agogonmu ɗaya da na Zariya, amma daga yau na riga ku da awa guda. Inna, in kin kira da dare kin ji shiru, na kwanta ne, ba wani abu ba. Na sa shaddar da kika aiko, da rigar sanyi a ƙarƙashinta, ku kuwa na san ana can ana neman inuwa. Goron Sallah ya shiga asusun Yaya tun ranar Alhamis, ba yawa, a yi haƙuri da shi.

Yau ranar yafe wa juna ce, ni kuma akwai abin da nake so ku yafe mini.

Kun tuna hoton da na turo a watan Disamba? Ina kan keke, laka har wuya, hannu ɗaya a sama, ga layin ƙarshe a ƙarƙashin tayata, babu kowa a bayana. Auta ta ɗora shi a WhatsApp ta rubuta "Yayana zakaran Turai". Kawu ya bugo waya yana ta sa albarka. Yaya ya ce mini Baba ya nuna wa duk wanda ya kawo faci a ranar. Ban ce na ci ba, amma ban ce ban ci ba, na yi shiru ina jin daɗi. To gaskiyar magana, babu kowa a bayana ne saboda kusan kowa ya riga ya gama. Na 34 na zo cikin mutum 36, kuma ɗaya daga biyun da na riga sarƙarsa ce ta tsinke. Hannun da kuka gani a sama, laka nake gogewa daga idona.

Bari in bayyana muku wasan, don ku san inda ɗanku ya kai kansa. Mutanen nan suna ce masa veldrijden, wato tuƙi a gona, wasu ƙasashen kuma suna cewa cyclocross. A lokacin sanyi ake yi, daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu. Sai a sami makiyayar shanu ko gefen daji, a kewaye hanya da igiya, zagaye ɗaya kamar kilomita 3, a yi ta zagayawa. Manyan 'yan wasa awa ɗaya suke yi, mu 'yan sha'awa minti 40 ko sama da haka kaɗan. Da gangan ake bi da hanyar ta cikin taɓo da yashi da gangare, a gina matakala, a gitta katakai biyu masu tsayin da bai wuce santimita 40 ba. Inda keke ya ƙi tafiya sai ka diro, ka saɓa shi a kafaɗa, ka ruga da gudu. Keken kamar na tseren titi yake, mai lanƙwasasshen kai, sai dai tayarsa na da haƙora, kuma a manyan gasa faɗinta ba ya wuce milimita 33. Inna za ta ce mahaukata ne. Ni ma haka na ce ranar da na fara gani, 1 ga Nuwamba, a tudun Koppenberg kusa da Oudenaarde, inda dubban mutane suka biya kuɗi, suka sa takalman roba, suka tsaya cikin sanyi da soyayyen dankali a hannu suna ihu. Yadda mutanen Zazzau ke fita kallon hawa, haka waɗannan ke fita kallon laka.

Maigidana na shago, dattijon da nake ba ku labari, shi ya ja ni ciki. Ya yi tseren nan a ƙuruciyarsa, bai taɓa yin suna ba. Ya ga yadda nake zuwa aiki a kan keke ko ana tsuga ruwa, sai ya sauko da wani tsohon kekensa daga rufi ya ce in gyara in hau. Ni kuwa a raina na riga na ci kofi. Na ce ni da na yi shekaru ina taka Phoenix ɗin Baba daga Tudun Wada zuwa Samaru da buhun masara a kariya, waɗannan masu cin burodi da cuku ne za su wuce ni?

Baba, kai ka koya mini cewa taya mai kyau ita ce wadda babban yatsa ba ya lotsa ta. Ranar tsere na farko haka na yi mata, tam kamar dutse. Dattijon ya zo ya danna, ya girgiza kai, ya kwance bawul ya yi ta sakin iska har tayar ta koma kamar cikakken mangwaro. Ya ce bai kai bar 2 a ma'aunin iska ba, haka ake so. Na ce to. Yana juya baya na ɗauko famfo na mayar da iskata. Akwai wani gangare da hanya ta bi ta gefensa, ciyawa a jiƙe. Kowa ya zo sai ya wuce kamar an manna shi da ƙasa, ni ina zuwa tayar gaba ta zame. Sau huɗu muka bi ta wurin, sau huɗu ina faɗuwa, har wasu yara suka dawo wurin suka tsaya musamman suna jirana. Ashe taya mai laushi bajewa take a ƙasa, haƙoranta su kama, mai tauri kuwa tsalle take tana sulɓewa. Maganarka gaskiya ce ga mai ɗaukar kaya a kan kwalta. A gonar shanun Bature ba ta ci ba. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

Tsere na biyu ba shi da dogon labari. Ana busa usur na fita kamar an biyo ni, zagayen farko ina cikin goman gaba, a na uku numfashi ya ƙare, bakina ɗanɗanon jini, suka yi ta wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

Na ukun shi ne na hoton, kuma shi ya fi ƙona mini rai. An kwana uku ana ruwa. Akwai wani wuri mai tsawon kamar daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci, taɓo ya kai idon sawu. Duk wanda ya iso sai ya diro tun kafin ya shiga, ya saɓa keke ya ruga. Ni na ƙi. Kun san a wajenmu in an ga namiji yana tura keke, ko dai faci ya yi ko ƙarfinsa ya ƙare, yara ma sai sun yi masa dariya. Wannan abin yana cikin ƙashina ban sani ba. Na dage ina taka feda, keken yana tafiyar hawainiya, har ya tsaya cik, na kife gefe da ƙafafuna a maƙale, don takalmin tseren yana kama feda ne kamar ɗan makulli. Kafin in zare ƙafa in tashi, taɓo ya cika tsakanin taya da ƙarfe, tayar ta daina juyawa, sai da na sa yatsa ina ƙwaƙulewa. Ina cikin haka wani mai furfura, na rantse ya girmi Kawu, ya zo ya wuce ni da kekensa a kafaɗa, yana ɗan gudunsa na tsofaffi, har da ɗaga mini kai. A zagaye na gaba na sake yin abin da na yi. Na gaba da shi ma haka. Wanda ya ci tseren sai da ya zagayo ya same ni ya wuce.

Da muka shiga mota ban bar kowa ba. Na zagi keken, na ce tsoho ne. Na ce masu kuɗi kekuna biyu suke zuwa da su, uba ko ƙane na tsaye a wurin canji da injin feshin ruwa, kowane zagaye a miƙo musu wankakke, ni kuwa guda ɗaya tilo. Na ce sanyi ne, yatsuna sun daskare ba na jin birki. Duk gaskiya ne, ba wadda na ƙirƙira. Dattijon ya bar ni na gama, sannan ya ce mai furfurar nan ma kekensa ɗaya, kuma ya fi nawa tsufa. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba har Gent. A daren nan na turo muku hoton.

Mako biyu ban taɓa keken ba, yana jingine da busasshiyar lakarsa. Wata Laraba da yamma dattijon ya rufe shago da wuri, ya kai ni wani filin ciyawa, ya ajiye sanda a ƙasa. Ya ce in taho a guje, in wurgo ƙafar dama ta bayan sirdi, in diro, in ɗaga keke in tsallake sandar, in sake faɗawa kan sirdi ba tare da na tsaya ba. Sau 50. Ya zauna a benci yana ƙirgawa da babbar murya, mata masu yawo da karnuka suna kallon ƙato yana hawa yana sauka. Cinyata ta ciki ta yi baƙi ƙirin, kwana uku ina tafiya kamar ɗan kaciya. Ya koya mini in na shiga rami da tayoyin wasu suka yanka a laka kada in yi faɗa da kan keke, in sake masa ya bi ramin, idona yana can gaba inda nake son zuwa. Ya ba ni ɗan littafi ya ce bayan kowane tsere in rubuta iskar da na sa, da inda na faɗi, da inda aka wuce ni. Ya hana ni rubuta komai a kan sanyi ko kuɗi.

Kada ku ɗauka daga nan labari ya juya na zama gwani. A Janairu na zo na 27. Sati biyu bayan nan ina cikin tafiya mafi kyau da na taɓa yi, tayar baya ta daki saiwa ta yi faci, don wannan karon na rage iskar fiye da kima. Ɗan mai faci, faci ya kayar da shi. Na ruga rabin zagaye da keke a kafaɗa, wani bawan Allah da ban sani ba ya ara mini taya, na ƙarasa a can baya. Tseren ƙarshe a Fabrairu na zo na 21 cikin 33. Burina in shiga rabin farko, ban shiga ba, kuma har yau abin yana sukata. Sai dai ba wanda ya zagayo ni, kuma mai furfurar nan na bar shi a baya da tazara mai kyau. Ya zo ya ba ni hannu, ya ce ya lura na koyi sauka.

Ranar 2 ga Fabrairu mun kalli gasar duniya a talabijin ɗin shago, wadda aka yi a Liévin ta Faransa. Mathieu van der Poel na Holan ya ci, karo na bakwai ke nan, ya kamo Erik De Vlaeminck ɗan Beljiyam wanda ya yi nasa bakwai ɗin tsakanin 1966 da 1973. Wout van Aert, wanda dattijon ke mutuwar so, ya tashi daga layukan baya, ya yi ta ratsa mutane har ya zo na biyu. Shi ma ya taɓa cin gasar sau uku a jere, 2016 zuwa 2018. Ina kallon su na ga su ma suna dirowa su ruga inda gudu ya fi sauri, ba wanda ya ji kunya. Dattijon ya ba ni labarin kakan van der Poel na wajen uwa, Raymond Poulidor, wanda ya ƙare cikin ukun farko a tseren zagaya Faransa har sau 8 bai taɓa ci ba, amma Faransawa suka so shi kamar me. Na gane lallashina yake yi. Na ce masa na biyu a Faransa daban, na 34 a gonar shanu daban. Ya yi dariya har da tari.

Inna, na san abin da ke ranki. Eh, ana shan giya a wajen kallon, ni shayina nake zuwa da shi a fulas. Sallata ba ta wuce ni, ina tafiya da galan na ruwan ɗumi da kayan canji a mota. An gama kakar tseren kafin a ga wata, azumina 29 cif ban sha ko ɗaya ba. Ban karya komai ba, kuma hular kwano ba ta barin kaina. Kuɗin da nake kashewa na shiga tsere ne da mai, bai taɓa abin da nake aikowa ba.

To ku yafe mini shirun da na yi. Baba, in waɗanda ka nuna wa hoton sun sake tambaya, ka faɗa musu yadda abin yake, ni ba zan ji komai ba. A gaya wa Kawu albarkar da ya sa tana nan, ina riƙe da ita zuwa Oktoba in Allah ya kai mu, don na riga na sa rai zan koma. Auta, ga wani hoto nan na haɗo da wannan saƙo, na rana ɗaya ne da wancan, ina kwance a taɓo keke yana kaina. Ki sauke na farkon. In kina so ki ɗora wannan, amma ki bari sai bayan yawon Sallah.

Yaya ya ce mini ana maganar sayar da Phoenix ɗin nan. Don Allah Baba a dakata. In na zo gida da damina ina so mu je bakin Kubanni da kai, in rage mata iska a gabanka ka gani da idonka, don na san a waya ba za ka yarda ba.

Inna, in an sami mai tahowa, yajin ya ƙare.

Wassalam,
Ɗanku na Gent